Zuwa Essaouira a Maroko: wane wata ya fi dacewa, kuma ana shiga ruwa?

Maman Hanan: Assalamu alaikum. Muna shirin zuwa Marakesh da yara, muna so mu ware kwana 2 mu leƙa Essaouira saboda bakin teku da zane-zane. Yaya hanyar take, wane wata ya fi, me ya kamata a saya?

Baban Sadiƙ: Wa'alaikumus salam Hajiya. Jirgin ƙasa ba ya zuwa can, sai mota. Ki shiga bas ɗin Supratours, tasharsu na dab da tashar jirgin ƙasa ta Marakesh, ko kuma bas ɗin kamfanin CTM. Tafiyar kusan awa 3 ce. Ki yanki tikiti tun jajiberi, don na safe kan cika. Mota ba ta shiga cikin ganuwa, masu kura ne ke ɗaukar kaya daga bakin ƙofa zuwa masauki, ku daidaita kuɗi kafin su ɗora jaka.

Batun ruwa kuwa, kada yara su sa rai da yawa. Garin iska ne, kuma ta fi ƙarfi a Yuli da Agusta, musamman daga azahar, har yashi na dukan fuska. Ruwan ma da sanyi ko da zafi ake yi, saboda igiyar sanyi da ke gangarowa ta wannan gaɓar Atilantika. Satumba da Oktoba sun fi lafawa. Ku fita bakin teku da hantsi, kowa da rigar sanyi.

Malam Zayyana: Ni a ganina zanen ne abin zuwa. Sarki Sidi Muhammad bin Abdullah ya gina garin a shekarun 1760, UNESCO ta sa tsohon birnin cikin wuraren tarihi na duniya a 2001. Ki fara da gidan zane na Damgaard ki ga aikin masu zanen da ba su yi makarantar zane ba, irin su Mohamed Tabal, sannan ki shiga lunguna. Idonki zai riga ya rarrabe aikin hannu da wanda aka buga da inji. In kin sayi zane, ki ce a cire shi daga katako a naɗe, fentin na waje, a sa cikin kwali mai kama da bututu. In aka naɗe fentin ta ciki tsagewa yake yi.

A ƙarƙashin Skala, ganuwar da ke da igwa, masassaƙa na aikin icen thuya. Na saiwa ya fi kyau da tsada. Sai dai garin da danshi, don haka icen da bai bushe sosai ba yakan tsage in ya gamu da hunturunmu. Ki zaɓi ƙananan akwatuna, ki duba mahaɗa, ki riƙa shafa masa mai.

Inna Rabi: Ƙari kan na Malam: kada ki bar kiɗan Gnawa. Gnawa jikokin bayin da aka kai Maroko ta Sahara ne, kuma masana na danganta al'adarsu da bori. Bikinsu da aka fara a 1998 galibi a Yuni ake yi, lokacin masauki na wuya sai an kama tun da wuri. Kifi kuma, a rumfunan kusa da tashar masunta da kilo ake sayarwa. A auna a gabanki, a faɗi kuɗi, sannan a gasa.