Neman shawara: ƙanena ya kamu da gambarar zamani, me zan zauna mu saurara tare?

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Admin, don Allah a ɓoye sunana.

Ina da ƙane ɗan shekara 17, tun rasuwar Baba ni ke riƙe da shi. Makon jiya na shiga ɗakinsa neman caja, sai na ga wani littafi a ƙarƙashin katifa, an cika shi taf da baitoci, Hausa da Turanci a gauraye. Na zauna na karanta. Akwai shafi guda da ya yi wa Baba, yadda yake dawowa daga kasuwa bayan magariba da ledar ƙosai rataye a hannun keke. Wallahi ban iya ƙarasa shi ba. Amma shafukan da ke bin sa duk bindiga ce da kuɗi da zagin mata, abubuwan da na tabbata a waya kawai ya gan su.

Hajiyarmu ta ce a ƙwace wayar. Ni kuma ina tsoron in na ƙwace ya koma sauraro a ta abokai, in rasa abin da ke shiga kunnensa gaba ɗaya. So nake in zauna da shi mu saurari abu mai ma'ana, amma ni iyakata Shata da Ɗan Maraya. Waɗanda suka san hip hop, wane albam kuke ganin ya dace, kuma wane fim?

Wani tsohon mai shagon kaset daga Kaduna:

Wa'alaikumus salam. Ɗan'uwa, shafin nan na Baba shi ne waƙar, sauran kwaikwayo ne. Don haka ka nemo masa Illmatic na Nas, wanda ya fito a 1994. Waƙa goma ce kacal, ko minti 40 bai cika sosai ba. Nas yana ɗan shekara 20 lokacin, kuma bai je nesa neman abin faɗa ba: unguwarsu ta Queensbridge a New York ya zana, benayen talakawa, 'yan sanda, abokin da ke kurkuku da yake rubuta wa wasiƙa. Har mahaifinsa, Olu Dara, ya busa ƙaho a ƙarshen ɗaya daga cikin waƙoƙin. Na saurari kaset ɗin nan har zaren ya tsinke, na liƙe shi da salatif na juya da biro. A wurina babu albam ɗin da ya kai shi iya jera amsa-amo, ba a ƙarshen layi kaɗai ba, har a tsakiya.

Ba zan yaudare ka ba, akwai ashar a ciki, akwai zancen wiwi. Amma mai waƙar yana nuna abin a matsayin rijiyar da ya faɗa, ba rawanin da aka naɗa masa ba.

In ya ce mawaƙi Tupac yake so, ba shi albam ɗinsa Me Against the World na 1995, kar ka fara da All Eyez on Me. A na farkon ne ya yi wa mahaifiyarsa Afeni waƙar Dear Mama, ya faɗi shaye-shayen da ta yi fama da shi, ya kuma gode mata. Yana kurkuku albam ɗin ya hau na ɗaya a Amurka. Sannan ka gaya masa ƙarshen labarin: an harbe Tupac a Las Vegas a Satumbar 1996 yana da shekara 25, wata shida bayan nan aka kashe wani mawaƙin, Biggie, a Los Angeles yana da 24. Bindigar da yake rubutawa a littafi, can ta binne mutane.

Wata malamar sakandare:

Baba mai kaset, ina girmama ra'ayinka, amma ni ba da Nas zan fara ba. Abin da ya fi tsaya min a rai a bayanin shi ne zagin mata. Yaron da bai taɓa jin mace ta riƙe makirifo ta fi maza ba, zai ɗauka haka harkar take. A ba shi albam ɗin mawaƙiya Lauryn Hill, The Miseducation of Lauryn Hill na 1998. Tsakanin waƙoƙin za ka ji malami a aji yana tambayar yara mece ce soyayya, suna ba da amsa. Ta ci kyautar Grammy biyar da shi a 1999, har da ta albam ɗin shekara, karon farko ke nan da hip hop ya ɗauke ta.

Fim kuwa Boyz n the Hood na 1991. Uwa ce ta kai ɗanta wurin ubansa don ya sami mai tsawata masa, maƙwabtansa biyu kuma suka tashi ba uba. Wanda ake sa ran zai tafi jami'a shi aka harbe a lungu. John Singleton bai kai shekara 25 ba ya shirya shi. Ga yaron da ya rasa uba, fim ne da zai taɓa shi, shi ya sa nake so ka kasance a gefensa.

Straight Outta Compton na 2015 kam ban yarda da shi ba. Mawaƙa Dr. Dre da Ice Cube suna cikin furodusoshin fim ɗin da ke ba da tarihinsu, kuma aka tsallake dukan da Dre ya yi wa 'yar jarida Dee Barnes a 1991. Sai da aka yi ca a kansa ya fito ya nemi afuwa. Duk wanda ka zaɓa, ka fara kallonsa kai kaɗai, don na manya ne dukkansu.

Wani matashin mawaƙi daga Jos:

Yaya, ni ma a littafi na fara, don haka na san halin da yake ciki. Gaskiya ɗan 17 ba lallai kiɗan 1994 ya kama shi ba. Gwada albam ɗin good kid, m.A.A.d city na Kendrick Lamar, 2012. Labarin yini guda ne na yaron kirki da ya biye wa abokai a garin Compton na Amurka, mahaifiyarsa tana ta bar masa saƙon murya ya dawo mata da motarta. Duk wanda ya taɓa ƙin ɗaga kiran Hajiya zai gane kansa a ciki.

Fim ɗin 8 Mile na 2002 kuma shi ya koya min cewa aikin nan wahala ne. A ciki mawaƙi Eminem ya fito yana aiki a masana'anta a Detroit, yana rubutu a ƙyallen takarda cikin bas, hawansa dandali na farko bakinsa ya mutu, aka yi masa ihu. Akwai wurin da bai dace ba a tsakiya, ka wuce da shi. Kuma ka ƙarfafa shi ya rubuta da Hausa. Su ClassiQ da DJ AB sun nuna harshen yana ɗauka.

Wani dattijo daga Katsina:

Ɗana, ni ina bayan Hajiya. Kun lissafa sunaye da yawa, amma kowa sai ya ce "akwai ashar, akwai wurin da za a wuce". Yaron yana da jarrabawa a gabansa, kuma maraya amana ne. In baiwar rubutu gare shi, akwai rubutattun waƙoƙin Aƙilu Aliyu da Sa'adu Zungur, babu abin da za ka rufe wa kunne. Ban ce ka doke shi ba. Ka dai tambayi kanka ko za ka iya kunna abin nan a gaban mahaifiyarku.

Mai tambaya:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka. Baba na Katsina, maganarka ta shige ni, kuma gaskiya ba zan iya kunna yawancinsu a gabanta ba. Gobe zan shiga kasuwa in nemo masa littafin Aƙilu Aliyu. Amma wayar ba zan ƙwace ba tukuna.

Jiya bayan isha'i na gaya masa na karanta littafinsa. Ya sunkuyar da kai, ya ɗauka faɗa zan yi. Na ce ya karanta min shafin Baba da bakinsa. Ya karanta yana buga tafin hannu a gwiwa, muryarsa na rawa, Hajiya tana tsaye a bakin ƙofa ba mu sani ba.

Daren yau zan kalli Boyz n the Hood ni kaɗai kamar yadda Malama ta ce. Baba mai kaset, Turancin Nas ya yi min sauri, na saurari waƙa biyu ban kama rabi ba. In ba damuwa, ka rubuto min ma'anar waccan ta wasiƙar kurkuku da Hausa kafin Asabar, ranar muka ajiye da shi.