Neman shawara: ina so in sa bel a kujerar baya ta tsohuwar 504

Baban Ummi:
Assalamu alaikum 'yan uwa, don Allah masu sanin mota ku ba ni shawara. Fijo 504 ce ta marigayi mahaifinmu, haɗin Kaduna, lafiyarta ƙalau amma bel na gaba kawai gare ta, baya babu ko alama. Ranar Asabar muna hanyar Zariya wajen Jaji akuya ta faɗo mana titi na taka burki da ƙarfi, Ummi 'yar shekara 6 ta taho gaba ɗaya ta bugi bayan kujerata leɓenta ya fashe, jini har kan hijabinta, wallahi har yanzu in na tuna sai gabana ya faɗi. Na je wajen mai walda ya ce in sayo bel na Beljiyam ya liƙa min ƙarfen a ƙasan motar. Ya kuke gani? Sayar da motar dai ba zan iya ba, ta Baba ce.

Abu Sadik:
Wa alaikumus salam, Allah ya ƙara tsarewa Malam. Ni bakanike ne a Panteka, kar ka yarda da maganar waldar nan ko kaɗan. Bel da noti ake ɗaure shi, kuma notinsa daban ne, 7/16 ake ce masa, ba irin wanda za ka tsinta a kwandon gareji ba. Fara ɗaga kushin ɗin baya ka duba, sannan ka leƙa bayan kujerar ta cikin but, motoci da yawa na wancan zamanin kamfani ya riga ya bar ramukan notin sai dai an toshe da roba ko fenti ya rufe su. In ka same su aiki ya zo da sauƙi. In babu sai an huda, kuma dole a sa ƙarfe mai kauri mai faɗi ta ƙasa ya riƙe notin, don falankin bodi siriri ne, ranar da aka yi karo notin zai yage shi ya fito kamar an zare maɓalli daga riga. Kuma ka ƙwanƙwasa wurin da sukundireba tukuna, in tsatsa ta ci ƙasan sai an gyara kafin komai. Mai hudawa ya lura da bututun mai da na burki da ke bi ta ƙasa.

Maman Hanan:
Sannu Baban Ummi, Allah ya ba ta lafiya. Ni abin da zan ƙara, yarinya mai shekara 6 bel ɗin manya a wuya yake kwanta mata, na ƙugun kuma ya hau kan ciki, to a nemo mata 'yar kujerar nan ta yara da ke ɗaga su sama har bel ya bi ta kafaɗa da ƙashin ƙugu. Kuma don Allah a daina rungume jariri a cinya, karo a gudun kilomita 50 daidai yake da faɗowa daga tsayin kusan mita 10, babu hannun da zai iya riƙe shi.

Direban Funtuwa:
Shekarata 20 a kan titi, tun 2003 da 'yan rod sefti suka fara kamen bel mu bel na gaba kawai muka sani, alhali fasinjan baya in ya taso shi ke danne na gaban.

Abu Sadik:
Na manta, batun na Beljiyam. Wanda aka ciro daga motar da ta yi hatsari ya gama aikinsa ko da ido bai nuna ba. Zaro shi duka ka duba zare bai tashi ba, rana ba ta cinye shi ba, ka fizge shi da ƙarfi ka ga ya kulle. In da hali sabo ya fi, mai tambarin E a cikin da'ira, alamar an gwada shi ya cika ƙa'ida. Irin mai naɗe kansa kuma sai an kafa shi a daidai yadda aka ƙera shi ya zauna, in ya karkace ko ya ƙi fitowa ko ya ƙi kullewa. A tsohuwar mota ni na fi son wanda ba ya naɗewa, mai ƙafa uku, wato na kafaɗa da ƙugu, kai za ka ja shi daidai jikin yaro.

Baban Ummi:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Yanzu na ɗaga kushin ɗin, na ga wasu robobi baƙaƙe guda biyu a tsakiya. Oga Abu Sadik gobe bayan azahar zan shigo Panteka da motar ka duba min in sha Allah.