Kura da shan bugu, gardi da kwashe kuɗi: muhawara kan kuɗin tallan 'yan wasan jami'o'in Amurka

Malam Na-Gwale: Salamu alaikum jama'a. Ni dai na gama yanke hukunci. Tun ranar 1 ga Yulin 2021 da NCAA, hukumar da ke kula da wasannin jami'o'in Amurka, ta ƙyale ɗalibai 'yan wasa su riƙa karɓar kuɗin talla da sunansu da hotonsu, wasannin jami'o'in Amurka suka lalace. Makaranta ta koma kasuwar dillalai. Ku dubi Nico Iamaleava, ɗan ƙwallon zari-ruga ta Amurka. A watan Afrilun 2025 ya ƙi fitowa atisaye a jami'ar Tennessee ana tsaka da jayayya kan kuɗi, kafin a ce kwabo ya tattara komatsansa ya koma jami'ar UCLA da ke Los Angeles. Yaron da aka kawo ya yi karatu fa! Mai ja ya fito, ga fili ga mai doki.

Ɗan Ohayo: Wa alaikumus salam. Allah gafarta Malam, ina da ja, kuma babba. Kuɗin nan ba a 2021 suka shigo wasan ba, hannun da ke karɓa ne ya ƙaru. Gasar ƙwallon kwando ta jami'o'i ta watan Maris kaɗai, kwantiragin nuna ta a talabijin da aka sabunta a 2016 dala biliyan 8.8 ne na shekara takwas. Nick Saban, kocin zari-ruga na jami'ar Alabama, ya haura dala miliyan 11 a shekara kafin ya ajiye aiki a Janairun 2024. Filin jami'ar Michigan na cin mutum fiye da dubu 107, kuma cika yake yi. Wa ake zuwa kallo? Wa ake karya wa gwiwa? Kura da shan bugu, gardi da kwashe kuɗi.

Malam Na-Gwale: Ba a banza suke wasan ba ai. Ana ɗauke musu kuɗin makaranta, da ɗaki, da abinci. Digirin da wasu ke cin bashi su shekara ashirin suna biya, su a kyauta suke samu.

Ɗan Ohayo: Abinci kuwa, Malam? A 2014 Shabazz Napier na jami'ar Connecticut ya faɗa wa 'yan jarida cewa akwai daren da yake kwanciya da yunwa. A shekarar suka ci kofi. Jim kaɗan da maganarsa hukumar ta sassauta dokar ciyarwa.

Barista: In saka baki. Wannan suna na "ɗalibi ɗan wasa" da Malam ke jin daɗinsa, ba malamai suka raɗa shi ba. Hukumar NCAA ce ta yayata shi a shekarun 1950 zamanin Walter Byers, don kada kotu ta ɗauki yaran a matsayin ma'aikata. A 1955 wani ɗan wasa Ray Dennison ya rasu a Colorado sanadin buguwa a ka a fili. Matarsa ta nemi diyyar ma'aikaci, kotun ƙolin jihar ta ce ba ma'aikaci ba ne. Byers da kansa, bayan ya tsufa, ya dawo yana sukar tsarin da ya gina.

Sarkin Zolaya: Barista ya iso, a ɓoye wallet.

Barista: Kai dai Allah ya shirye ka. Abin da ya fi ci mini rai shi ne labarin Ed O'Bannon. Mutumin da ya ciyo wa UCLA kofin ƙwallon kwando a 1995, ƙwallo ta ƙare masa, yana sayar da motoci a Nevada. Wata rana a gidan abokinsa aka nuna masa gem ɗin bidiyo na kamfanin EA Sports. Sai ga shi a ciki: lamba 31, bahago, kai a aske ƙwal, rigar UCLA. Suna kawai aka cire. Ko sisi ba a ba shi ba, ba a ma tambaye shi ba. Shi ya shigar da ƙara a 2009. Ko ka ɗauki Donald De La Haye, wanda a 2017 ya rasa gurbinsa a jami'ar Central Florida saboda YouTube na biyansa kuɗin bidiyon da yake yi da kansa. Ɗan ajinsu mai kiɗa ko mai zane zai iya sayar da fasaharsa, shi ko a'a. Malam, wannan wace irin tarbiyya ce?

Malam Na-Gwale: Na karɓi wannan, an zalunci waɗannan biyun. Amma gyaran gangar auzinawa aka yi. Ku faɗa mini tsakani da Allah, abin da ake biya yanzu talla ne? Attajiran tsofaffin ɗalibai su haɗa gidauniya, su tara miliyoyi, su kira yaro ɗan sakandare su ce zo makarantarmu ga kaza. Me ya tallata? Sabulu? Albashi ne aka sa masa hular talla.

Ɗan Ohayo: A nan kam ban musa ba. Akwai tallar gaskiya, ina ganinta. A hanyata ta zuwa aiki akwai ƙaton allo na wani dillalin motoci, hoton wani ɗan wasan jami'a a jikin jif yana murmushi, kuma ran Asabar za ka ga iyaye sun yi layi da yara a wani gidan abinci don ya sa musu hannu a riga. Wannan halas ɗinsa ne. Amma manyan kuɗin, na gidauniyoyin ne, kuma kowa ya san na sayen ɗan wasa ne. Sai dai Malam, da ma ana bayarwa ta bayan gida. Reggie Bush ya ajiye kyautar Heisman ta 2005, ta gwarzon zari-rugar jami'o'i, saboda abin hannu da aka ce shi da iyayensa sun karɓa. A 2024 aka mayar masa da abarsa.

Maman Ilham: Tun ɗazu ina karantawa, duk maganarku ta maza ce. Yayana Ɗan Ohayo, kai ma ka manta da mu. Mace 'yar wasa a da, ta gama jami'a shikenan, kasuwarta ta watse, don gasar ƙwararru ta mata ba ta biyan abin kirki, wasu wasannin ma babu ita sam. Shekarun jami'a su ne lokacin da ake yayinta, kuma a lokacin ne aka ɗaure mata hannu. Caitlin Clark, 'yar ƙwallon kwando, tana jami'ar Iowa ta yi talla da Nike da Gatorade da State Farm. Wasan ƙarshe na 2024 da suka buga da South Carolina mutum sama da miliyan 18 suka kalla, ya zarce na maza a shekarar. To ina lalacewar, Malam?

Malam Na-Gwale: Hajiya, Clark guda nawa ce? 'Yan wasan NCAA sun kai rabin miliyan. A ƙwallon zari-ruga ta Amurka, waɗanda ke tsallakawa gasar ƙwararru ba su kai biyu cikin ɗari ba. Saura digirin ne gadonsu. Yaron da ya sauya sheƙa sau uku a shekara huɗu, wane karatu ya yi? Ko 'yan siyasarmu ba sa sauya jam'iyya haka.

Sarkin Zolaya: A'a Malam, kada ka yi wa namu ƙage, su a wata shida suke yi.

Barista: Sauya sheƙa doka ce daban, kada a haɗa. Kuma koci ya daɗe yana tsallake kwantiragi ya bar yaran da ya je har falon iyayensu ya yi wa alƙawari, ba wanda ya ce wasa ya lalace. Gasar jami'o'in yammacin Amurka ta Pac-12 mai tarihin fiye da shekara ɗari ta tarwatse a 2024, jami'o'in USC da UCLA suka koma gasar Big Ten, 'yan Los Angeles na hawa jirgi su ƙetare ƙasar don wasa ɗaya. Kuɗin talabijin ya jawo wannan, shugabannin jami'a suka sa hannu. Ba ɗalibi ko ɗaya a teburin.

Koci Kaduna: Ku yi haƙuri, yanzu na dawo daga fili. Ni ba ruwana da masu miliyoyi, tsorona a kan yaranmu na guje-guje da tsalle-tsalle ne. Tobi Amusan a jami'ar Texas da ke El Paso ta goge kafin ta kafa tarihin duniya a 2022, Favour Ofili a jami'ar jihar Louisiana. Wannan ƙofa ita ce babbar hanyar yaran Afirka. Yanzu sulhun shari'ar House, wadda 'yan wasa suka kai ƙarar NCAA kan kuɗi, da mai shari'a Claudia Wilken ta amince da shi a Yunin 2025 ya ba kowace makaranta damar raba wa 'yan wasanta kusan dala miliyan 20.5 a shekarar farko. Daga wace aljihu? Mafi yawan kason na zari-ruga ne da kwandon maza. In kasafi ya matse, ba su za a taɓa ba, mu ne da 'yan ninkaya da 'yan kokawa.

Ɗan Ohayo: Abin dariyar, Koci, Grant House ɗin da shari'ar ke ɗauke da sunansa ɗan ninkaya ne.

Koci Kaduna: Ka gani ko. Ga kuma biza. Yarona ɗaya da ke can, wani mai shagon takalma a garinsu ya ce ya ɗauki hoto da takalmi ya sa a Instagram a ba shi ɗan abin kashewa. Da murnarsa ya kira ni. Na ce maza je ka ofishin ɗaliban waje ka tambaya. Aka ce masa bizar karatu ba ta yarda da irin wannan aikin a cikin Amurka ba, in ya kuskura zai iya rasa zamansa. Abokin ɗakinsa Ba'amurke, wanda yake bari a baya a tsere, shi ya yi tallar. Oscar Tshiebwe ɗan Kwango, gwarzon kwandon jami'o'i na 2022, sai da jami'arsa Kentucky ta je Bahamas buga wasanni ya samu ya yi tallace-tallacensa a can.

Malam Na-Gwale: To kun ji. An gudu ba a tsira ba.

Barista: Malam, Koci bai ce a koma gidan jiya ba, kuma ba ma hanyar komawa. A shari'ar Alston, wata ƙara da 'yan wasa suka kai NCAA, a Yunin 2021, alƙalai tara na Kotun Ƙoli duk suka ba NCAA rashin gaskiya. Kan tallafin karatu ne kawai aka yi hukuncin, amma mai shari'a Kavanaugh ya rubuta cewa irin wannan tsari haramtacce ne a kusan kowace sana'a a Amurka. Ciwon yanzu shi ne ana biyan albashi ana ƙin kiransa albashi. Matthew Sluka, ɗan zari-ruga, ya bar jami'ar Nevada da ke Las Vegas a Satumbar 2024 bayan wasa uku, duka sun ci. Wakilinsa ya ce an yi masa alƙawarin dala dubu 100 da baki, gidauniyar da ke biyan 'yan wasan makarantar ta ce ba a yi tayi a hukumance ba. Da ma'aikaci ne mai takarda, da ba ya tafiya tsakiyar kaka, su ma ba su isa su hana shi haƙƙinsa ba.

Malam Na-Gwale: Wato kai so kake a ce ma'aikata ne ƙarara. To ma'aikaci ana korarsa, Barista. Yaro ya karye a wasa na biyu, a ce masa Allah raka taki gona?

Barista: Sai a rubuta a kwantiragin cewa ba a korar mai rauni, kuma karatunsa na nan har ya gama. 'Yan NBA da NFL, gasannin ƙwararru na kwando da zari-ruga, ƙungiyar ƙwadago suke da ita, da ita suke ciniki.

Maman Ilham: In an zo rubutawar a tuna da dokar 1972 da ta hana fifita maza a makarantu. Diyyar dala biliyan 2.8 da aka amince a biya tsofaffin 'yan wasa, kusan kashi 90 na maza ne, kuma wasu mata sun ɗaukaka ƙara a kai.

Malam Na-Gwale: Ni dai har yanzu ban ga inda aji da littafi suka shigo lissafinku ba. An kira Magariba, zan dawo kan Barista bayan Isha'i.

Koci Kaduna: Ɗan Ohayo, duba saƙonka na sirri. Yaron nan zai zo hutun Disamba, ina so ka tambayar mini ko tallar da zai yi a nan Kaduna za ta taɓa masa biza.