Ƙungiyar masu gidan burodi: in shiga ko in dakata?

Sabon Tanda: Assalamu alaikum iyayen gida. Na buɗe ɗan gidan burodi a Rijiyar Zaki, buhu uku nake kwaɓawa a rana. An kawo min fom ɗin ƙungiya, ga kuɗin rajista ga na wata-wata. In shiga yanzu ko in bari sai na yi ƙarfi?

Baban Abba: Shiga kawai. Ranar da duba-gari da masu haraji suka haɗu a ƙofarka za ka gane amfaninta.

Mai Yis: Wacce aka kawo maka? AMBCN, wato ƙungiyar masu gidajen burodi ta ƙasa, ita ce ta irinmu, ita ke da rassa a jihohi. Ɗaya ƙungiyar, PBAN, ta manya ce, masu burodin yanka a leda mai tambari, kuma ƙarfinta ya fi a Legas.

Tsohon Hannu: Yaro, shiga ba laifi ba ne, amma ka buɗe kunne. Abu biyu ne suka ƙona ni. Na farko, a unguwarmu mun taɓa yin wata 'yar haɗaka, aka ce kowa ya kawo kuɗi a sayo tirelar fulawa kai tsaye daga kamfani, mu tsallake dillalan kasuwar Singa. Na kwashe jarina na bayar, ba rasit ba shaida, don wanda ya karɓa sahu ɗaya muke sallah. Yau mota na hanya, gobe direba ba lafiya. Kafin kaya su iso farashi ya tashi, aka raba mana buhunan da ba su kai lissafi ba, wai sauran ya tafi kuɗin lodi da sauke. Duk tsawon jiran nan a hannun dillalin da muka guje wa nake cin bashin fulawa, yana min dariya. Na biyu yajin aikin Yulin 2022, lokacin da yaƙin Rasha da Yukiren ya ɗaga alkama, dizal ma ya haukace. Na kashe tanda, na sallami yara. Ashe maƙwabta na gasawa cikin dare. Da na dawo, masu shayin da nake kai wa tun fil azal sun koma wajensu, kuma fulawa ko kwabo ba ta sauka ba. To ta yaya za ta sauka? Alkamar daga waje ake shigo da ita da dala, kamfanonin niƙa kuma ba su da yawa. Rufe tandarka ba ya motsa dala. Inda ƙungiya ke da baki shi ne tsayar da farashi ɗaya da raka ka ofis in an rufe maka gida. Ka biya kuɗin wata, ka je taro, amma jarinka ya kwana a aljihunka.

Baban Abba: Allah ya mayar da alheri, Alhaji. Amma wannan halin mutane ne, ba na ƙungiya ba.

Tsohon Hannu: To ita ƙungiyar aljanu ne a ciki?

Hajiya Mai Gurasa: Ku maza kun cika taro da lemo. Mu a Fabrairun 2024 titi muka fito a nan Kano kan tsadar fulawa, har duniya ta ji.

Ɗan Kurna: Hajiya an ji, amma gurasar ma ai ta rame tun daga lokacin.

Hajiya Mai Gurasa: Ɗana, fara auna burodinka tukuna. Na ɗari biyar ɗinku in aka matse a hannu ko lomar yaro bai kai ba.

Mai Yis: Hajiya ta taɓo inda ke ciwo. A taro a amince da farashi, kowa ya koma gida ya rage nauyin curi. In ba a tsayar da sikeli ba, tsayar da farashi wasa ne.

Injiniya: Wasu kuma su zuba sinadarin buromet don burodin ya kumbura, NAFDAC ta hana tun zamanin Dora Akunyili. Wasu kuma su zuba sinadarin zaƙi na sakarin a madadin sukari.

Ɗan Kurna: Wa kake nufi? Faɗi suna.

Injiniya: Ban kira kowa ba. Mai kaza a aljihu...

Baban Abba: Don Allah a bar wannan. Sabon Tanda, ka yi rajistar kasuwanci ta CAC da lambar NAFDAC? Fara da su. Kuma wani tallafin ta ƙungiya ake bi. Ko burodin rogo na lokacin Jonathan, sanda Adesina ke ministan gona, da shugabannin masu burodi aka zauna.

Tsohon Hannu: Ina burodin rogon yake yau?

Sabon Tanda: CAC na yi, NAFDAC ce saura. Na gode ƙwarai.

Mai Yis: Kada ka buga leda da yawa kafin lambar ta fito, asara ce.

Hajiya Mai Gurasa: Wai nawa aka sayar da fulawar IRS yau a Singa? Yarona ya faɗi wani kuɗi da ban yarda ba.

Ɗan Kurna: Ni ma ina neman mai gyaran injin murji, nawa ya tsaya tun asuba da kwaɓi a ciki. Injiniya, in ba ka yi fushi ba, kira ni.