Agogon GUB da na Lange: gida ɗaya ne, ko gari kawai suka haɗa?

Sabon_Shiga:
Assalamu alaikum. Wani tsohon agogon hannu na Jamus ya zo hannuna, a fuskarsa an rubuta Glashütte, a ƙasa kuma Spezimatic da 26 Rubis, ga haruffan GUB. Ba ya amfani da batir, da na ɗan girgiza shi sai ya kama tafiya. Wanda ya ba ni shi ya ce ai agogon A. Lange & Söhne ne da aka sauya wa suna a zamanin gurguzu. Ina roƙon manyanmu su warware mini ko hakan gaskiya ne, sannan ko zan iya ɗaura shi kullum ba tare da na kai shi wurin mai gyara ba.

Dattijon_Tarihi:
Wa alaikumus salam, ɗana. Maganar da aka gaya maka tana da ƙamshin gaskiya, amma an ƙara mata gishiri. Glashütte sunan wani ɗan ƙaramin gari ne a jihar Saksoni, kudu da Dresden, inda Ferdinand Adolph Lange ya kafa masana'antarsa a 1845, daga baya wasu masu sana'ar suka taru a wurin har garin ya shahara da ƙera agogo. A ranar 8 ga Mayun 1945, ranar ƙarshe ta Yaƙin Duniya na Biyu a Turai, bom ya rushe babban ginin Lange, sannan sojojin Tarayyar Sobiyet suka kwashe injunan masana'antun garin a matsayin diyyar yaƙi. A 1948 aka ƙwace kamfanin daga hannun iyalin, Walter Lange, ɗaya daga cikin zuriyar Ferdinand, ya tsere zuwa Jamus ta Yamma, a 1951 kuma hukumar Jamus ta Gabas ta haɗe kamfanonin garin wuri ɗaya ƙarƙashin sunan VEB Glashütter Uhrenbetriebe, wato GUB ɗin da ka gani.

To ka ga Lange ɗaya ne kawai daga cikin waɗanda aka zuba a wannan tukunya, tare da magadan kamfanonin UROFA da UFAG, masu agogon Tutima. Gaskiya ne cewa a shekarun farko GUB ta ci gaba da ƙera inji mai lamba 28, wanda zanen Lange ne, kuma wanda ya riƙe irinsa yana da hujjar danganta shi da gidan. Naka kuwa sai a 1964 aka fara yin sa, shekara 13 bayan haɗewar. Sunan Lange bai dawo ba sai da Walter ya sake yi masa rajista a ranar 7 ga Disambar 1990, ita kuma GUB ce ta zama Glashütte Original ta yau.

Mai_Gyara:
Baba ya gama da tarihi, bari in shiga cikin agogon. Spezimatic iri biyu ne: inji mai lamba 74 ba ya nuna kwanan wata, mai lamba 75 yana nunawa. Abin da ya sa yake tashi in ka girgiza shi, akwai wani ƙarfe mai nauyi, siffar rabin faifai, da yake juyawa a bayan injin duk lokacin da hannunka ya motsa, shi ne yake naɗe babban sifirin. Sifirin yana warwarewa a hankali, yana tura ƙafafu masu haƙora ɗaya bayan ɗaya, har ƙarfin ya isa ga wata 'yar ƙafa da take kai da komo da taimakon gashin ƙarfe siriri. Ita ce take raba lokaci, tana bugawa sau 18,000 a awa, wato sau 5 a daƙiƙa, kuma in ka kara shi a kunne wannan ne sautin da za ka ji.

Duwatsun nan 26 kuwa, wato Rubis ɗin da ke rubuce a fuskar, yaƙutu ne na haɗi, ba su da wata daraja a kasuwa, aikin mafi yawansu su zama mazaunin bakin sandunan da ke juyawa don kada ƙarfe ya ci ƙarfe. A kan mafi yawansu akwai ɗigon mai da ido ba ya iya gani, kuma nan ne amsar tambayarka ta biyu take. Agogon da ya shekara 40 ko 50 man cikinsa ya bushe ko ya daskare da ƙura, zai iya tafiya a haka, amma yana cinye kansa ne. Ka bari a warware shi gaba ɗaya, a wanke, a sa sabon mai, kafin ka mai da shi na kullum, kuma kada ka yarda da rubutun da ke bayansa na cewa ruwa ba ya shiga, domin robar da ke toshe shi ta daɗe da mutuwa. Sannan kada ka buɗe murfin kana sa ran ganin faffaɗan faranti mai rufe kashi uku cikin huɗu na injin, wanda Lange ya fito da shi a 1864, da farin ƙarfen nan na haɗin jan ƙarfe da nikel da tutiya. Naka an yi shi ne don ma'aikata, miliyoyi aka buga.

Hajiya_Mai_Tari:
Malam Mai_Gyara, ina jin tsoron kada wannan zance na ƙarshe ya sa yaron ya raina abin hannunsa. Ni a wurina yawan da aka buga alheri ne, domin har yanzu ana samun kayan gyaransa, abin da mai riƙe da agogon matuƙan jirgi na lokacin yaƙi, mai faɗin milimita 55, ba zai iya cewa ba. Jamus ta Yamma ma ta saye su, a lokacin ana sayar da su ta kundin tallan kaya na kamfanin Quelle da sunan Meister-Anker.

Kuma ƙanena, kada sunan Glashütte ya rufe maka ido ga sauran. A Pforzheim akwai Laco da Stowa, a da kuma akwai masu ƙera inji irin Durowe da PUW, garin da shi ma aka ragargaza a ranar 23 ga Fabrairun 1945. A Schramberg akwai Junghans, da aka kafa a 1861, wadda agogunan hannunta na zanen Max Bill, mai zane ɗan ƙasar Switzerland, suka fito a 1961. Idan mai gyara ya buɗe naka, ka ɗauki hoton injin ka ɗora mana, mu ga ko lambar 74 ko 75 tana nan kuma ta dace da abin da ke fuskar, domin na sha ganin fuskar Glashütte a kan inji mai arha na Ruhla, wata masana'antar agogo ta Jamus ta Gabas.