Tseren kwale-kwale a Minecraft: layin ƙarshe yana tsallake ƙirga zagaye

Salamu alaikum, masana. Filin tseren kwale-kwale ne kan ƙanƙara a Minecraft Java 1.20.1, 'yan wasa takwas, zagaye uku. Zaren tarko aka shimfiɗa a layin ƙarshe, yana kunna bulon umarni da ke ƙara maki ɗaya a scoreboard, wato allon maki.

Kan daskararriyar ƙanƙara ta yau da kullum ba laifi sosai. Matsalar tana kan shuɗiyar ƙanƙara: can kwale-kwale yana cin bulo kusan 72 a daƙiƙa, sabar kuwa sau 20 take dubawa a daƙiƙa, wato bulo 3.6 kowane dubawa. Zaren faɗinsa bulo ɗaya ne, sai a wuce shi fit ba a gani ba.

An cire zaren, an sa umarnin execute da dx da dz (ma'aunan girman yankin da ake dubawa) mai kaurin bulo 5. Yanzu kowa yana shiga lissafi, amma wanda ya shigo a hankali maki biyu ko uku yake samu, mai wayo ma ya ja baya ya sake ketawa.

Don Allah yaya ake tsara tag, wato alamar da ake liƙa wa ɗan wasa da umarni, ta yadda sai an bi shingen tsakiyar fili kafin layin ya ƙirga? Ba a son ƙara plugin.