Wane suna za mu ba rotari tebur da Hausa?

Assalamu alaikum, 'yan uwa masu aikin ƙarfe, da malaman Hausa da ke tare da mu. Suna nake nema, amma bari in fara da abin da ya jawo neman.

Mako uku da suka wuce na tsince shi a Panteka, nan Kaduna, cikin tarin ƙarafan da aka ware za a sayar a kilo. Duk mai aiki da injin milin, wato injin da ke sassaƙa ƙarfe, ya san shi: faffaɗan ƙarfen nan mai da'ira, da kwarmi huɗu a fuskarsa inda ake ɗaure aiki, da rami a tsakiya, da mariƙi a gefe da ake murzawa. A shago rotari tebur muke cewa, yara kuma su yanke su ce rotari. Mai inci 8 ne. Tsatsa ta rufe shi ruf, ya cije, ko gezau ba ya yi. Muna sauke shi yaron shagona ya ce, "Maigida, shi wannan mene ne sunansa da Hausa?" Na buɗe baki ban sami abin faɗa ba, kuma abin ya tsaya mini a rai.

Ku lura, ba duk wanda ya ƙi juyawa ne ya cije ba. In ka kama fuskar da hannu ka murɗa ba za ta motsa ba ko da sabo ne dal, don haka aka ƙera shi: mariƙi ne ke juya fuska, fuska ba ta juya mariƙi. Sai ka kwance maƙallai biyun da ke danne ta, ka karkata gidan sandar mariƙin ya saki haƙoran ciki, sannan ka san gaskiyar lamari. Na yi duk wannan. Nawa dai ya cije da gaske.

Kwana tara yana shan kananzir gauraye da man giya, safe da yamma ina ɗiga masa ta kowace kafa. Ban ɗaga masa gudumar ƙarfe ba ko sau ɗaya, kuma ina roƙon duk wanda ya sami irinsa kada ya yi. Ƙarfen zubi ne, ba ya lanƙwasa, tsagewa yake yi, kuma in ya tsage aikinsa ya ƙare. Guntun katako na riƙa ɗorawa ina bugawa a hankali, ina zagayawa. Rana ta goma, bayan na kifa shi na cire zoben da ke riƙe shi ta ƙasa, fuskar ta saki. Ashe tsatsar cikin ba ta kai ta waje ba. Tsohon giris ne ya bushe ya daskare kamar ƙaro, ya haɗu da ƙura da garin ƙarfe ya liƙe komai. Na kankare shi da tsinken itace da tsohon burushin haƙori, haƙori bayan haƙori, ina ƙirgawa. Casa'in cif.

Wannan ƙirgen shi ya sauya mini tunani game da sunan. Haƙora 90 na nufin sai mariƙi ya zagaya sau 90 kafin fuska ta zagaya sau ɗaya. Tunda cikakken zagaye digiri 360 ne, zagaye ɗaya na mariƙi digiri 4 ke nan. Kana son huda rami shida daidai wa daida a kan da'ira? Tsakanin kowane rami da na gaba digiri 60, wato murzawa 15. Rami biyar, digiri 72, murzawa 18. Rami takwas, murzawa 11 da kwata. Akwai masu haƙora 72, waɗanda zagaye ɗaya ke ba da digiri 5, amma hikimar ɗaya ce. Kuma a gefen fuskar an zana layuka 360, waɗanda su na fi jin tsoro a kansu wajen wanki. Ban sa musu samfefa ba, ban kuma bar su sun kwana cikin ruwan tsami ba, sai mai da lallausan tsumma har suka fito. In layukan nan suka goge, me ya rage?

Saboda haka ni a ganina juyawa ba ita ce aikinsa ba. Fanka ma tana juyawa, dutsen injin wasa wuƙa ma haka. Shi wannan yana juyawa ne gwargwadon abin da ka ce, ya tsaya inda ka ce, ya riƙe wurin ko injin na cin ƙarfe a kansa. Sunan da bai ɗauko wannan ba, bai kama shi ba.

Abin da nake ba da shawara: faifan digiri. Faifai dai namu ne tun na kaba da ake rufe ƙwarya, kuma Bahaushe ya riga ya ara wa garmaho da bidiyo shi ba wanda ya yi gardama. Ina sauraron ku.

Ƙari, bayan na karanta amsoshinku.

Na gode ƙwarai, ban zaci abin zai ja mutane haka ba. Da yawa kun ce a bar shi "teburi mai juyawa" kawai. Ku yi haƙuri, wannan ban karɓa ba. Ka aiki yaro kasuwa da sunan nan, wurin kafinta zai nufa. Teburi a wurinmu abu ne mai ƙafafu da ake ɗora kwano ko littafi. Turawa suna kiran duk shimfiɗar da ake ɗaure aiki a kan inji da wannan suna, mu ba mu saba ba, kuma ba dole ne mu bi su ba. Irin wannan bin sawun ne zai sa wani ya kira injin milin injin niƙa, mata su fara kawo mana dawa.

Baba maƙeri da ya rubuto daga Zariya ya kawo "majuyi". Baba, Allah ya ƙara girma, kalmar ta yi daɗi a baki, kuma ginin Hausa ne tsantsa, kamar mabuɗi da magogi. Na daɗe ina juya ta. Inda na tsaya shi ne, kan injin lez da ke kama ƙarfe yana wulwulawa ya fi cancantar ta, don shi juyawar ce aikinsa. In kun yarda mu ajiye masa.

Malamin da ya ce "marabi", tunda da shi ake raba da'ira, ya taɓo wuri mai kyau, sai dai akwai mai sunan. Akwai ɗan'uwansa da ake yanka haƙoran giya da shi, wanda galibi murzawa 40 ke ba shi zagaye ɗaya, digiri 9 ke nan kowace murzawa, yana zuwa da faranta masu ramuka don rabon da bai faɗa daidai kan digiri ba, kamar bakwai. Wancan rabo ne zalla aikinsa. Namu kuwa har da yanka mai lanƙwasa kamar baka da zagayayyen kwarmi ake yi a kansa, ana murzawa inji na ci. Marabi na wancan ne, Malam, kuma na ji daɗin samunsa.

Ƙorafi mafi ƙarfi shi ne na masu cewa digiri ba Hausa ba ce, kuma za a ɗauka na jami'a ake nufi. Gaskiya ne aro ce. Amma sufana da boris da noti ma aro ne, sun zauna sun zama 'yan gida. Wani ya kawo daraja, yadda take a Larabci. Na gwada ta a shago jiya, na ce wa yaro ya ƙara daraja huɗu, ya tsaya yana kallona. Na ce digiri huɗu, ya murza sau ɗaya ya danne maƙalli. A bakin inji ba wanda zai tuna da jami'a.

Saura guda, kuma a nan ne nake buƙatar ku sosai. Sandar nan da ke jikin mariƙi, mai murɗaɗɗen zare da ke shiga tsakanin haƙora, Turawa tsutsa suke ce mata. Ba na son mu ɗauko wannan. Da na wanke ta na ɗaga ta a rana, ba abin da ta tuna mini sai igiyar rama da aka tufka da kyau. Shi ya sa nake cewa sandar tufka, abokiyar aikinta kuma giyar tufka. 'Yar tazarar da ke tsakaninsu, wadda ke sa mariƙi ya ɗan yi tafiya kafin fuska ta amsa in ka juya baya, mu wasa muke ce mata, kuma saboda ita ne ake koya wa yaro ya riƙa zuwa kan layi ta hannu ɗaya kullum. Ko a Kano da Maraɗi ma wasa kuke cewa?

Faifan digirin dai na haɗa shi daren jiya da sabon giris. Yana tafiya sumul, in ban da wuri ɗaya kusa da digiri 200 da yake ɗan ɗaurewa. Gobe in Allah ya kai mu zan sake buɗe shi in duba haƙoran wajen.